Takarda ɗaya ga mai kilomita 780 da mai 100: adalci ne?

Ɗan Zariya: Jama'a, ni fa batun ziyarar ƙafa da Kiristoci ke yi zuwa Santiago de Compostela a ƙasar Sifen ya tsaya mini a rai. Mutum ya taso da ƙafa daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa, ya haye duwatsun Pyrenees, kusan kilomita 780. Wani kuma ya fara daga garin Sarria a Sifen, kilomita 115 kacal, mota na kai masa jakarsa daga masauki zuwa masauki. Ranar ƙarshe su isa Santiago de Compostela, su bi layi ɗaya a ofishin masu ziyara, a ba su takardar shaidar kammala ziyara iri ɗaya. Ai wannan ba daidai ba ne. A ɗaga ƙa'idar nan da ta ce tafiyar kilomita 100 a ƙafa ta isa a ba mutum takardar.

Baba Malami: Ɗana, ka yi haƙuri. Da can kowa daga ƙofar gidansa yake tashi zuwa kabarin Manzo Yakubu, almajirin Yesu, a Santiago. Sarki Alfonso na biyu, wanda ake cewa shi ya fara zuwa a ƙarni na 9, daga Oviedo a Sifen ya taho, bai je Faransa ya dawo ba. Wa ya ce sai daga Saint-Jean ake farawa?

Ɗan Zariya: Allah ya ƙara girma, Baba, amma ku dubi ranar ƙarshen. Daga O Pedrouzo zuwa Santiago kilomita 20 ne. Ka fito da asuba da tocila a goshi, cikin kurmin turare, kana son ka yi addu'a a natse, sai ga ayari da waƙa a waya. Har Lavacolla, inda mutanen zamanin da suke wanka a rafi kafin su shiga gari, babu sukuni. A 2023 an ba da takardu sama da 440,000, kuma Sarria ce ta fi kowane gari yawan masu farawa.

Inna Mai Jinya: Ni daga Sarria na fara, kuma ban ji kunya ba. Hutun aikin asibiti bai isa tafiyar wata guda ba. A Monte do Gozo, inda ake fara hango hasumiyoyin majami'ar Santiago, na tarar da wata tsohuwa ta cire takalmi, diddigenta duk ya faffashe, jikarta na naɗe mata bandeji. Ita ma daga Sarria. Ta tashi ta ƙarasa kilomita biyar ɗin da sanda, tana tsayawa kowane ɗan taki. Yaya, ka je ka faɗa mata ba ta cancanta ba.

Mai Keke: Kuma akwai wata takardar daban da ofishin ke bayarwa, mai nuna inda ka fara da nisan da ka yi. Mai son a san ya yi 780 ya biya ya karɓa.

Ɗan Zariya: Inna, wallahi ba irin wannan tsohuwa nake nufi ba. Masu shiga tasi su sauka bakin shago a buga musu hatimin shaidar tafiya nake nufi. Ai shi ya sa aka ce hatimi biyu kowace rana a kilomita 100 na ƙarshe.

Baba Malami: To ka ga maganarka ta sauya. Mai ha'inci daban, mai gajeriyar tafiya daban. Idan aka mayar da ƙa'idar 300, tsofaffi da marasa lafiya da ma'aikata za a kora, mai shiga tasi kuwa zai ƙara kuɗin mota ne kawai.

Inna Mai Jinya: Kuma a sujadar ƙarfe 12 na rana ba a tambayar kowa nisansa. Layi ɗaya muka bi muka hau bayan bagadi muka rungumi siffar Manzon, muka sauka wurin akwatin azurfan da ake cewa ƙasusuwansa na ciki.

Ɗan Zariya: Na yarda da batun tsofaffi. Amma cunkoson nan sai an duba shi kafin 2027, tunda 25 ga Yuli, ranar bikin Manzo Yakubu, zai faɗo ranar Lahadi, shekara mai tsarki ce, jama'a za su ƙaru sosai.

Mai Keke: In natsuwa kake nema, Yaya, ka wuce Fisterra bakin teku, kilomita 90 ne daga Santiago. Hanyar can ba cunkoso irin na Sarria.