Tsoron kujerar likitan haƙori: abin da muka gani da idonmu a Jidda, Makka da Madina

Direba, Jidda:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata uku ke nan turmina na ƙasa a ɓangaren hagu yana hana ni barci, ina ta lallaɓa shi da kanumfari da Panadol, kuma abin da ya hana ni zuwa asibiti tsoro ne, ba rashin kuɗi ba. Ina yaro an taɓa cire mini haƙori a gida alhali allurar ba ta kama ba, mutum biyu suna danne da ni, kuma har yau idan na ji ƙarar injin huda haƙori sai hannuna ya ɗauki rawa. Jiya na daure na je, likita ya ce sai an fara ɗaukar ashi'a, wato hoton cikin haƙori, sannan ya yi mini maganar wata iska da ake shaƙa don hankali ya kwanta. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya mini gaskiyar abin da ya ji.

Hajiya, Shara Mansur, Makka:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba ka lafiya. Ni an yi mini da wannan iskar sau biyu, ita ce Larabawa ke kira gazud dahik. Wata 'yar roba suka ɗora mini a kan hanci, suka ce in riƙa numfashi ta hanci kawai, kuma kafin minti biyar na ji yatsuna suna ɗan tsuma, ƙafafuna sun yi nauyi, jikina ya yi ɗumi kamar wadda aka lulluɓa da bargo. Ban yi barci ba. Ina jin likita tana ce mini in ƙara buɗe baki ina buɗewa, ina jin ƙarar injin sarai, amma sai na ji kamar daga wani ɗaki take fitowa, ba ta shafe ni ba. Abin da nake so ka sani shi ne iskar ba ta maye gurbin allurar banju ta dasashi, wato ta kashe zafi, sai da aka yi mini ita, illa dai lokacin da aka soka ta zuciyata ba ta buga ba kamar yadda ta saba. Da aka gama suka bar ni ina shaƙar iskar oksijin zalla na 'yan mintoci, na tashi garau, na koma gida na ɗora tukunya. Zuwana na biyu kuwa mura ta toshe mini hanci, sai likitar ta ɗaga ranar, ta ce iskar ba za ta yi aiki ba idan hanci a toshe yake.

Mai taimaka wa likitan haƙori, Madina:
Hajiya ta faɗi daidai. Yayana mai tambaya, abin da ya same ka kana yaro yana da dalili: idan gindin haƙori ya tara mugunya, allurar banju ba ta cika kamawa yadda ya kamata ba, domin wurin ya yi tsami. Wannan yana daga cikin abin da ya sa muke nacewa a kan hoto kafin a taɓa komai. Ido ba ya ganin ruɓar da ke tsakanin haƙora biyu, ba ya ganin saiwa ko miƙaƙƙiya ce ko ta lanƙwashe, ba ya ganin mugunyar da ta fara cin ƙashi. Ƙaramin hoto yana nuna haƙori biyu ko uku har saiwarsu, shi kuma banorama, wanda injin ke zagaya kai, yana nuna muƙamuƙi gaba ɗaya. Da hoton ne likita zai san aikin na minti ashirin ne ko na awa guda, kuma daga nan ne zai san wane irin kwantar da hankali ya dace da kai.

Mutanenmu da yawa suna tsoron hasken da ake ɗaukar hoton da shi. Likitan haƙorin Jamus Otto Walkhoff da ya ɗauki hoton haƙoransa a 1896 sai da ya yi minti 25 a gaban hasken, yanzu kuwa ƙaramin hoto ko daƙiƙa ɗaya ba ya kaiwa, kuma hasken da jiki ke sha a cikinsa bai wuce kimanin wanda kowa ke sha daga ƙasa da sararin sama a kwana ɗaya ba. Duk da haka mai ciki ta faɗa tun daga bakin ƙofa, saboda hoton da kuma iskar. Haka nan mai sikila, wadda ta yi yawa a cikinmu, da mai asma, da mai minshari har numfashinsa na ɗaukewa a barci, kada ɗayansu ya ɓoye wa likita.

Tela, Misfala, Makka:
Ni ga abin da ya same ni, kuma laifina ne. Haƙorin ƙarshe na can ciki, wanda suke kira dirsul aƙli, ya fito a karkace. Aka ce in yi banorama, na ƙi, don a zatona hanyar ƙara kuɗi ce, na tafi wani wuri da aka yarda a cire ba hoto. Haƙorin ya karye, saiwa ta tsaya a ciki, kumatuna ya kumbura har ba na iya kai cokali baki. Da daga baya aka ɗauki hoton, likitan tiyata ya nuna mini da bakin alƙalami yadda saiwar ta kwanta dab da jijiyar da ke kai ji ga leɓen ƙasa. A lokacin tsoro ya riga ya gama da ni, sai aka yi mini da allurar jijiya ta midazolam, mai kwantar da hankali. An hana ni abinci awa shida, aka maƙala mini wani abu a yatsa yana auna iskar jini, aka kuma sharɗanta in zo da wanda zai mayar da ni gida, kada in yi tuƙi sai bayan awa 24. Ƙanena da ya raka ni ya ce ina ta amsa maganar likita, amma ni ban tuna komai ba. Kai da sana'arka tuƙi ce, ƙanena, ka lura da wannan sharaɗin tun kafin ka zaɓa.

Ɗalibi, Madina:
Ƙarin bayani kaɗan ga masu azumi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta lissafa huda haƙori da cire shi cikin abubuwan da ba sa karya azumi matuƙar ba a haɗiye abin da ya kai maƙogwaro ba, haka ma iskar banju idan ba a haɗa da ƙarin ruwa mai ciyarwa ba. Ni a Ramadan aka cike mini kogo, na riƙa tofarwa.

Direba, Jidda:
Na gode, Hajiya, na gode, Yaya tela, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da safe na yi hoton. Likita ya juyo mini da allon kwamfuta, na ga wani baƙin tabo kamar ƙwayar wake a ƙarshen saiwar, ya ce mugunya ce, kuma za a iya ceto haƙorin da wankin jijiya, wato a wanke cikin saiwar a cike ta, ba sai an cire ba. Na gaya masa labarin yarintata duka, muka yi yarjejeniya cewa duk lokacin da na ɗaga hannun hagu zai tsaya. Na zaɓi iskar saboda aikina. Ranar Lahadi bayan la'asar za a fara, ku sa ni a addu'a.