Neman kalma: foldar asibiti ta koma cikin waya, me za mu kira ta?

Mai shirin lafiya: Salamu alaikum. Ƙarfe 4 zan shiga situdiyo a nan Jos, har yanzu ban samu Hausar EHR (electronic health record) ba. Bayanan mara lafiya ne da asibiti ke ajiyewa a kwamfuta: sakamakon gwajin jini, magungunan da aka rubuta masa, rigakafin da ya yi, maganin da jikinsa ba ya so. Yanzu shi ma yana iya buɗewa a wayarsa. Apple ya sa abin a iPhone a 2018, a Ingila kuma akwai manhajar NHS, hukumar lafiyar ƙasar, tun 2019. Na rubuta "bayanan lafiya na lantarki", sai na ji kamar labarin wanda wuta ta ja.

Anti Nas: Katin asibiti na waya. Kowa ya san kati.

Ɗan ofishin kati: A'a Anti. Kati suna ne da lamba kawai, shi ne tsohuwa ke naɗewa a leda ta cusa a ƙasan katifa. Tarihin yana cikin folda, mai ruwan ƙasan nan da muke maƙala wa takardun gwaji har ta kumbura. Ita kuwa ba a barin mara lafiya ya tafi da ita gida. Ku ce folda.

Mai shirin lafiya: Nan ne ma zancen yake. Bara wani asibiti ya ɓatar da foldar mahaifiyata, sai da aka sake mata gwaje-gwaje daga farko, da kuɗinmu. So nake mai sauraro ya gane cewa abin ya dawo hannunsa.

Tsohon malamin Hausa: Kati, folda, duk aro ne. Muna da gafaka, jakar fatar da malami ke rataye littafinsa. Gafakar lafiya! Naka ne, kana tafe da shi. Me ya fi wannan?

Anti Nas: Allah gafarta Malam, in na ce wa mai ciki a layin awo ta buɗe gafakarta, kallona za ta tsaya yi.

Tsohon malamin Hausa: To a koya mata mana. Manhaja a da tsarin karatu ce, yau yaro ya san ta a waya. Yanar gizo ma wani ne ya fara faɗa. Amma ku mutanen Jos, Hausar kasuwar Terminus ta riga ta gama da ku.

Ɗan ofishin kati: Baba, asibiti da likita fa? Daga Turanci suka fito, kuma Kano ma haka suke cewa.

Ɗalibar fassara: Hausar Terminus ɗin ce Birom da Ngas da Bafulatani ke ciniki da ita kullum, kuma su ma suna kama rediyon nan. A daina raina mu haka.

Tsohon malamin Hausa: 'Yata, ban raina kowa ba. Na ce dai gafaka.

Mai shirin lafiya: Jama'a, saura minti 40.

Ɗalibar fassara: Yaya, kundi fa? Takardu ne da aka tara wuri guda, kuma mai shi ne ke riƙe da abinsa. Kundin lafiya na waya.

Anti Nas: Ya fi. Amma kundi na sa ni tunanin na malamai, mai laƙani a ciki.

Ɗan ofishin kati: "Na waya" ɗin ma da gyara. Asalin bayanan na kwamfutar asibiti, waya leƙawa kawai take yi. Kar wani ya zaci in an sace masa waya tarihinsa ya tafi.

Mai shirin lafiya: Zan yi wannan bayanin da baki. A karon farko zan ce "kundin lafiya, wato foldarka ta asibiti da za ka gani a waya", daga nan sai kundin lafiya kawai. Na gode, na tafi.

Tsohon malamin Hausa: Kundi dai Hausa ce, ba laifi. Amma kundin ma ai a gafaka ake sa shi.