An ce an samo maganin sikila, to gwajin kafin aure fa?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Kun ga labarin nan kuwa? Wallahi Turawa sun gama da sikila, sau ɗaya ake yi wa mutum maganin ya warke, Ingila da Amurka duk sun amince da shi. Ni a ganina tunda haka ne a daina raba masoya saboda AS da AS, in ma an haifi SS ɗin ai yanzu akwai magani.

Hajiya Binta: Wa'alaikumus salam. Nura kai da wa ake shirin rabawa ne, fito fili ka faɗa mana.

Nura: Haba Anti, ni maganar ilimi nake yi fa.

Kabiru: Ilimin me? Duk ƙarya ce, kasuwa suke nema. Mu a Kano za a yi wa wannan zancen? Ko kun manta 1996 lokacin annobar sanƙarau da kamfanin magani na Pfizer suka zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na IDH suka yi gwajin maganinsu Trovan da yara wajen 200, guda 11 suka rasu, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Ni duk abin da aka ce za a taɓa halittar mutum da shi ba na ciki.

Sadiya: Yaya Kabiru abin da ka faɗa na Trovan ya faru, babu mai musu, amma wannan maganin gaskiya ne. Sunansa Casgevy. Ingila ce ta fara amincewa da shi a watan Nuwamba 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Da fasahar gyaran ƙwayoyin halitta ta CRISPR ake yin sa, wadda mata biyu Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka ci kyautar Nobel a kanta a 2020. Kuma ba a kanmu aka gwada ba, mace ta farko da aka yi wa Ba'amurkiya ce, Victoria Gray, a 2019. A gwajin da aka miƙa wa hukumar magunguna ta Amurka, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ciwon bai yi musu mummunan tashi ba.

Nura: Yauwa! Kabiru ka ji ko. Allah ya biya ki Sadiya.

Sadiya: Tsaya tukuna Nura, kai ma ban goyi bayanka ba. Kai ka ɗauka allura ce za a tsira maka ka kama hanyar gida? Sai an fara ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mutum, a kai su ɗakin bincike a gyara su yadda za su koma yin irin jinin da jariri yake da shi a cikin ciki, wanda shi ba ya lanƙwashewa, shi ya sa ma za ka ga yaro mai sikila a watannin farko lafiyarsa ƙalau sai ya doshi wata shida abin yake bayyana, to kafin a mayar masa da ƙwayoyin sai an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu kansa ya kashe tsohon ɓargon, gashi ya zube, baki ya yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi, ya yi makonni a kwance a asibiti, kuma wannan maganin yana iya hana mutum haihuwa gaba ɗaya. Duka hidimar watanni take ɗauka.

Hajiya Binta: Innalillahi. To nawa ne kuɗin?

Sadiya: Dala miliyan 2.2 a Amurka Anti. Akwai wani kuma Lyfgenia da aka amince da shi rana ɗaya da shi, shi miliyan 3.1 ne.

Hajiya Binta: Nura lissafa mana a naira, kai ne ɗan Kwari.

Nura: Ya kai wajen biliyan uku. Amma ai komai da tsada yake farawa, wayar hannu ma da farko sai masu kuɗi, yanzu har almajiri yana da ita. Nan da shekara goma zai sauko.

Kabiru: Ya sauko ina? A ƙasar da ake cewa je ka sayo safar hannu da sirinji kafin a duba ka?

Baban Ummi: Nura ina karanta ku tun ɗazu na yi shiru. Ka taɓa kwana da yaro ciwon ya tashi masa? Ummi in abin ya motsa, musamman da hunturu, ko zanin gado ba ta son ya taɓa ƙafarta, haka za ka ɗauke ta cikin dare kana neman adaidaita, ka je a ce jininta ya yi ƙasa a nemo mai bayarwa, ka shiga kiran 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya. Mu kuma mun yi gwajin fa kafin aure, wani lab ne ya rubuta wa mamanta AA alhali AS ce. Shekara goman da kake cewa a jira, wa zai ɗauki ciwon kafin nan, kai ko yaron?

Nura: Allah ya ba ta lafiya Yaya, ban faɗa don in ɓata maka rai ba.

Baban Ummi: Amin. Ni abin da ya canja mana rayuwa ba daga Amurka aka aiko shi ba, hydroxyurea ne, ƙwaya ce kullum, da hoton jijiyoyin kai da ake yi mata don a gano ko tana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Tunda aka ɗora ta a kai kwanciyar asibiti ta ragu sosai.

Sadiya: Kuma abin da mutane ba su sani ba, binciken da ya nuna ƙwayar nan tana kare yaranmu daga shanyewar jiki a nan aka yi shi, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, da Barau Dikko a Kaduna, likitocinmu tare da na jami'ar Vanderbilt. Ba wanda ya yi ta yaɗa shi a Facebook saboda ba shi da armashi. Yaya Kabiru ka ga ba kowane bincike ne Trovan ba.

Kabiru: Wannan na yarda da shi tunda namu ne suka tsaya a kai. Na gyaran halitta ne dai har yanzu raina bai kwanta ba, wa ya san abin da zai haifar nan da shekara talatin?

Sadiya: Ba wanda ya sani, shi ya sa ake bin waɗanda aka yi wa har tsawon shekara 15. Amma ga abin da ya rushe maganar Nura gaba ɗaya: jinin kawai ake gyarawa, abin da mutum zai gadar wa 'ya'yansa yana nan yadda yake. Wanda aka yi wa ya warke, in ya haihu S ɗin zai ba ɗansa. AS da AS kuma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kowane ciki fa, ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai ɗauka ba, akwai gidan da uku a jere duk SS ne.

Malam Habu: Ni ban san kimiyya ba, amma mu da muke ɗaura aure tun 2024 da gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, sai mun ga takarda. Neman magani halal ne, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sai dai ka ga rami ka faɗa don an ce akwai mai ɗori a Landan, wannan ba tawakkali ba ne Nura.

Nura: Malam to ai ko a nan gida ana dashen ɓargo, tun 2011 aka fara a Benin, Legas ma sun fara. Ni dai har yanzu ina ganin bai kamata a ce dole ba, a faɗa wa mutane gaskiya su zaɓa da kansu.

Sadiya: Shi ma dashen galibi sai an samu ɗan uwa na jini wanda ɓargonsu ya dace, kuma miliyoyi ne.

Hajiya Binta: Nura har yanzu ba ka faɗa mana sunan yarinyar ba. Sadiya don Allah wane irin gwaji za mu ce a yi wa Fati, kar a maimaita mana irin na Baban Ummi? An sa rana bayan Sallah.

Sadiya: Ku ce a yi mata gwajin jinin da ake kira HPLC in da hali Anti, kuma a yi a wuri biyu daban, shi ma yaron haka, kar ku karɓi takardar da ya kawo daga gida.