Wai ni kaɗai ce hankalina ke tahiya yawo in ina jan shapile?

Maman biyu, Zariya: Salama ƴan'uwa. Oktoba ya kama, watan rosari, na ɗau alkawalin jan shapile, wato tasbaharmu ta Katolika, kullum da dare amma abin na damuna sosai. Baki na faɗin A gaishe ki Maryamu, yatsa na bin ƙwaya, zuciya ko tana kasuwa tana lissahin kuɗin tiyar hatsi da na lakwal ɗin yara. Jiya Talata sai da na kai goma ta huɗu cikin biyar na farga ai asirinta, wato abin da ake tunani a kai, Yesu ne ke ɗauke da gicciye, kunya ta kama ni. Ku ƙaƙa kuke yi?

Ɗan kabu-kabu: Anti ba ke ɗaya ba ce. Ni na bar jan goma biyar ɗin a zama guda, barci ke kwashe ni. Ƙarama mai ƙwaya goma gare ni a aljihu, in ina jiran fasinja sai in ja guda, kahin dare sun cika. Ran Juma'a in rana ta take, kai na zahi cikin kaske, asirin rawanin ƙaya na shiga jikina da gaske. Wani alhaji da na ɗauka ya gani ya ce taka tasbaha nawa ce, na ce babbar 59, ya ce tasu 99, munka sha hira har Tibiri.

Tsohon katishis: Ɗiyata kada ki karaya. Mu da munka koya asirai 15 ne, na farin ciki da na baƙin ciki da na ɗaukaka, sai a 2002 Paparoma Yohanna Bulus na biyu ya ƙara biyar na haske da ake yi ran Alhamis, daga baftismar Urdun zuwa jibin Ubangiji. Abin da na lura shekara da shekaru, gaggawa ce ke kashe mu. Ni kahin Ubanmu sai na karanta ayar asirin, in yi shiru kamar numfashi uku, in ga wurin da idon zuciya. Bikin Kana nakan gan shi kamar bikin unguwarmu, tuluna shida jere a bakin zaure, uwa Maryamu ta matso ta raɗa ma ɗanta Yesu ruwan inabi ya ƙare.

Inna daga unguwar Ali Ɗan Sofo: Ni dai wahala ta koya mini. Ɗana ya bi ta Agadas ya nuhi Libiya, wata huɗu ke nan ba waya ba saƙo. Tun sannan duk Litinin da Asabar in na kai asiri na biyar na farin ciki, inda Maryamu da Yusufu sunka nemi yaron kwana uku kahin su same shi a haikali, nan nike tsayawa, wani lokaci goma ɗin nan kaɗai ta kai ni rabin awa ina hawaye, don Maryamu ta san abin da nike ji, ita ma ta bi gida-gida tana tambaya. Damuwar ban kore ta ba, da ita nike shiga addu'ar.

Maman biyu, Zariya: Wayyo Inna, Allah shi maido miki shi lahiya. Baba na gode, yau Laraba zan gwada da ayar tashin matattu. Inna in kina zuwa mes na Lahadi a katedral ki jira ni bakin ƙofa, mu ja goma ɗin nan tare.