Kalkulas da ƙididdiga a shekara ɗaya, bai yi mata yawa ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka. 'Yata za ta shiga aji 12, ajin ƙarshe na sakandare, ta dage sai ta haɗa AP Calculus AB (kalkulas) da AP Statistics (ƙididdiga), darussan matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare, don injiniya take son karantawa. Bana da ƙyar ta samu B a lissafi. Sha ɗayan dare nake tarar da ita a tebur tana fama da tirigonometiri. Jarrabawar biyun duk a watan Mayu ce, ga fizik a gefe. Malamarsu ta ce ƙididdigar ta fi ƙarfi a bayani da rubutu. Ni dai a Kano na yi sakandare, tsarin nan ya ɗaure mini kai. Juma'a za mu miƙa fom ɗin zaɓen darussa. Don Allah wanda ɗansa ya taɓa haɗa su, yaya ta kaya? Ko ta bar ƙididdigar sai jami'a?