Alec Guinness: gwanin rikiɗa ne ko mai cin kason wasu?

Kawu: Assalamu alaikum. Ina nan a kan bakana: a cikin 'yan fim ɗin Ingila na da, babu kamar Alec Guinness. Ku nemi Kind Hearts and Coronets na 1949 ku gani. Shi kaɗai ya fito a mutum takwas 'yan gida ɗaya, har da mace. Akwai tsohon limamin coci mai surutu, akwai hafsan sojan ruwa da jirginsa ke nutsewa shi kuwa yana tsaye ƙyam yana sara har ruwa ya shanye shi. Kowa da muryarsa, kowa da tafiyarsa.

Auta: Kawu, ba shi ne tsohon nan Obi-Wan na Star Wars ba?

Kawu: Shi ne, amma wannan a 1977 aka yi, yana da shekara 63. Sunansa ya daɗe da fita kafin nan.

Malama: Wa alaikumus salam. Kawu, iya wasa kam ba na ja da kai. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wannan rikiɗar da kake yabo, ita aka yi amfani da ita aka hana wasu mutane fitowa da fuskarsu. A Lawrence of Arabia na 1962 an shafa masa abin da ya rina fatarsa, an sa masa gemu da alkyabba, aka ce ga Yarima Faisal. Kada Auta ya ɗauka Sarki Faisal na Saudiyya ne. Wannan ɗan Sharif Husaini na Makka ne, wanda ya zama sarkin Iraƙi a 1921. Mutum ne da Larabawa suka sani da tarihinsa, aka ba Bature ɗan Landan ya yi shi.

Yaya Babba: Ai ba shi ya raba aikin ba, Malama. David Lean ne darakta, Sam Spiegel ne furodusa. Ko da Guinness ya ƙi, wani Baturen za a ba. Laurence Olivier ma aka fara nufa da wurin. Kuma Anthony Quinn, haifaffen Meziko, shi ya fito a Auda abu Tayi. Haka zamanin yake.

Malama: Yaya, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya karɓi kuɗin, ya karɓi yabon, to ya karɓi tambayar. Maganar zamani kuwa, a fim ɗin nan dai aka ɗauko Omar Sharif daga Masar, kuma sai da sunansa ya shiga takarar Oscar. Kenan akwai Larabawan da suka iya. Har lafazin da Guinness ya yi magana da shi, daga bakin Omar Sharif ya kwaso. Wani abin kuma, Faisal na gaskiya bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da fim ɗin ke ba da labarinsa, amma a fim sai aka nuna shi kamar dattijo mai zama a tanti yana jefa magana cikin hikima, saurayin Bature, wato Lawrence, na can yana jan rundunar.

Kawu: To amma ya wulaƙanta shi? Ki sake kallo. Faisal ɗin da ya yi ya fi kowa a fim ɗin hankali da kamun kai. A ƙarshe shi ke zaune da janar ɗin Ingila suna ciniki a Dimashƙa, Lawrence kuwa an sallame shi. Ni ban ga raini a nan ba.

Malama: Fagin fa? Oliver Twist, 1948, shekara uku kacal bayan kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a Turai, aka liƙa masa ƙaton hanci ya fito a ɓarawon Bayahude mai koya wa yara sane. An yi zanga-zanga a Balin ta Jamus a 1949 saboda fim ɗin. Amurka ba ta nuna shi ba sai 1951, bayan an yanke wasu wurare. Mutanen wancan lokacin da kansu suka ce bai dace ba, ba mu na yau ba.

Alhaji: Ku bar ni in sa baki. Mu da muka tashi da kallon Indiya, fitowa a mutum da yawa ba baƙon abu ba ne, Sanjeev Kumar ya yi tara a Naya Din Nai Raat. Ni abin da ya sa nake girmama Guinness, Kanar Nicholson ne a The Bridge on the River Kwai na 1957. Sojan Japan suka kulle shi a akwatin kwano cikin rana saboda ya ƙi yarda hafsoshinsa su yi aikin ƙarfi. Ku dubi fitowarsa: ƙafa na rawa, ido na ƙyaftawa, amma ya ƙi a riƙe shi, yana jan jiki kai a sama. Shi da kansa ya ce tafiyar ɗansa ya tuna, lokacin da yaron ke murmurewa daga shan-inna. Babu gemun aro, babu shafe-shafe. Bature ne ya fito a Bature mai taurin kai, wanda girman kai ya sa ya gina wa abokan gaba gada. Da wannan ya ci Oscar, a 1959 kuma Sarauniya ta ba shi muƙamin Sir. Ga kuma ɗan leƙen asiri George Smiley da ya yi wa BBC a 1979, yana goge tabarau kawai sai ka ji tsoro.

Malama: Alhaji ka taimake ni. Inda ya fi kyau shi ne inda ya tsaya a mutanensa.

Kawu: Ba haka Alhaji ya ce ba. Ɗan wasa aikinsa ke nan ya zama wanda ba shi ba. In aka ce kowa ya tsaya a ƙabilarsa, wasan ya mutu.

Yaya Babba: Kawu, a nan kam zan bar ka. A Passage to India, 1984, ya fito a Farfesa Godbole, malamin Hindu da rawani. A lokacin Indiya cike take da manyan 'yan wasa, Victor Banerjee da Saeed Jaffrey ma suna cikin fim ɗin. Wannan ba shi da uzuri.

Kawu: Godbole ban kare shi ba, bai yi kyau ba. Faisal dai ina nan.

Malama: Ni ma ina nan, Kawu. Ba ƙabila nake nufi ba, dama nake nufi. Da a ce a 1962 za a iya ba Balarabe ya fito a janar ɗin Ingila, da na yi shiru. Ƙofar gefe ɗaya kawai take buɗewa, kuma Guinness ya bi ta cikinta a 1962, ya sake bi a 1984.