Muhawara: Shin faifan garmaho ya fi dijital daɗin sauti?

Alhaji, tsohon ma'aikacin rediyo, Gusau: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da na yi jiya ita nake maimaitawa a rubuce, tunda wasu sun ce tsufa ne ya sa na faɗe ta: faifan garmaho ya fi duk wani sautin dijital daɗi, ko na CD ne ko na waya. Allura tana bin tsagin da sautin da kansa ya zana a jikin faifai, alhali dijital sai an daddatsa sauti an mai da shi lambobi, kuma abin da aka daddatsa ba ya komawa yadda yake. Idan na ɗora faifan makaɗan kotso na dā, ina jin hannun makaɗi a kan fata da numfashin 'yan amshi, amma idan jikana ya kunna irin wannan kiɗa a wayarsa sai in ji shi a bushe.

Ɗalibin injiniya, Ƙaura Namoda: Baba, Allah ya ƙara girma, a nan ne ban yarda da ku ba. Faifan CD da kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Kunnen matashi mai lafiya ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kuma lissafin masana biyu, Nyquist da Shannon, ya tabbatar da cewa muddin awon ya haura ninki biyu na siririyar ƙara mafi tsayi, ana iya dawo da sautin sumul, ba gutsi-gutsi ba. Haka kuma tazarar da ke tsakanin ƙara mafi rauni da mafi ƙarfi a CD ta kai desibel 96 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), ta garmaho kuwa tana tsakanin 60 da 70, saboda gogar allura ita ma tana da tata hayaniyar.

Alhaji, tsohon ma'aikacin rediyo: Ɗana, da kunne ake sauraro, ba da alƙalami ba. Idan lissafinka ne ƙarshen zance, me ya sa a 2022 aka sayi faifan garmaho a Amurka fiye da CD, abin da ba a gani ba tun 1987?

Mai gyaran rediyo da lasifika, Tudun Wada, Gusau: Ranka ya daɗe Alhaji, kasuwa daban, ingancin sauti daban, domin masu CD ɗin ba garmaho suka koma ba, yawancinsu intanet suka koma. Sai dai bushewar da kuka ji a wayar jikanku gaskiya ce, kuma ɗalibinmu bai taɓo ta ba. Abin da ke yawo a wayoyinmu ba sautin CD ba ne. MP3 ne, sau da yawa mai nauyin kilobit 128 a daƙiƙa, alhali CD yana ɗauke da 1,411, wato an zubar da kaso mafi yawa na bayanan bisa zaton kunne ba zai lura ba. Tsofaffin waƙoƙinmu kuwa, da yawansu daga kaset ɗin da ya gaji aka kwafo su, aka yi ta tura su daga waya zuwa waya, wani ya mai da su bidiyo, wani ya sake matse su, sannan a kunna su a lasifikar da ba ta kai tafin hannu ba. Ku kuma kuna sauraron faifanku ta amfilifaya da manyan lasifikoki na katako, ka ga ke nan ba a yi wa dijital adalci a wannan gwaji ba.

Malamar kimiyya, Talata Mafara: Ina so in koma kan cewar Baba wai ba a taɓa sautin garmaho. Ana taɓa shi ƙwarai. Tun 1954 aka daidaita a kan ƙa'idar RIAA (ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka), wadda ta tanadi a rage kaurin sauti a kuma ƙara siririyar ƙara lokacin da ake yanka faifai, don kada tsagin ya yi faɗi ya cinye wuri, sannan amfilifaya ta juya lamarin lokacin sauraro. Shi ya sa idan aka sa wayar garmaho a ramin da ba nasa ba, sauti ke fitowa siriri babu jiki. Bayan haka, babban faifai, irin wanda kamfanin Columbia ya ɓullo da shi a 1948, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, to a bakinsa tsagin yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, amma kusa da tsakiya gudun yana sauka zuwa wajen 20. Saboda haka waƙar ƙarshe a kowane gefe ba ta kai ta farko tsabta ba. Ɗumin da Baba yake ji akwai shi, sai dai wani ɓangarensa ƙari ne da allura da faifai suke yi wa sautin, ba daga bakin mawaƙi ya fito ba. Mutum yana da 'yancin son wannan ƙarin, amma bai dace a kira shi asali ba.

Duk da haka akwai inda nake goyon bayan Baba. Daga shekarun 1990 masu haɗa waƙa sun shiga gasar ƙara, suna matse sauti har sanyin murya da bugun ganga su zama ƙarfi ɗaya, kuma irin wannan yana gajiyar da kunne. CD yana iya ɗaukar wannan aika-aika, garmaho kuwa bai cika jure ta ba, don haka wani lokaci akan yi masa haɗi mai sauƙi. Laifin na masu haɗi ne, ba na lambobi ba. Yawancin sababbin faifan garmaho ma daga kwafin dijital ake yanka su.

Alhaji, tsohon ma'aikacin rediyo: Malama, kin ba ni gaskiya da hannun dama kin karɓe da na hagu. Ko ma laifin wane ne, abin da ya iso ɗakina shi nake yi wa hukunci, kuma faifaina na dā an yanka su tun kafin a fara wannan gasa.

Mai gyaran rediyo da lasifika: Tunda an zo maganar ɗaki, Alhaji, a tuna a ina ɗakin yake. Ƙurar hunturu tana shiga tsagi ta riƙa ƙas-ƙas, ta kuma ci allura da faifan gaba ɗaya. Zafin bazara, wanda yakan haura digiri 40 a nan, yana lanƙwasa faifan da aka jingina a karkace ko aka bari a mota. Wasu injinan garmaho kuma gudunsu ya dogara ne da kaɗawar wutar lantarki, wadda ya kamata ta tsaya a 50 a daƙiƙa, to idan ƙaramin janareta yana hawa da sauka, muryar mawaƙi ma sai ta riƙa hawa da sauka. Sabuwar allura kuwa sai an yi odarta daga nesa.

Ɗalibin injiniya: Ga shawara, Baba. A ɗauki sautin faifanku zuwa kwamfuta da ingancin CD, ba MP3 ba, a kunna duka biyun ta amfilifayarku da lasifikokinku, a daidaita ƙarfinsu sosai domin kunne yakan fifita wanda ya ɗan fi ƙara, ku kuma ku juya baya. Idan kun ware na allura daga na kwamfuta a kai a kai, na sallama. Idan ba ku ware ba, to dijital ya ɗauko ɗumin nan duka bai zubar da komai ba.

Alhaji, tsohon ma'aikacin rediyo: Na amince, ku zo ranar Asabar bayan La'asar. Sharaɗina biyu ne: ni zan zaɓi faifan, kuma Malama ce za ta riƙa sauya wayoyin, domin kai da mai gyara kun riga kun ɗauki ɓangare.

Malamar kimiyya: Ni ma ai na ɗauka, Baba, amma zan zo. A wanke faifan kafin a ɗauki sautinsa, kuma a yi gwajin aƙalla sau goma, don kada sa'a ta yanke hukunci.